Yadda za ka shirya wa tambayoyin lambar kaya a jarrabawar lasisin dillalin kwastam ta Amurka

Wani ɗan'uwa da ke aiki a kamfanin fiton kaya a Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce ya zauna jarrabawar lasisin dillalin kwastam sau ɗaya bai samu ba, kuma da ya bi takardar amsoshi sai ya ga yawancin makin da ya zubar a tambayoyin sanya wa kaya lambar haraji ne. Yana so ya san yadda zai shirya wa wannan ɓangare kafin zama na gaba.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa zama na gaba shi ne na nasara. Tun da kana aikin fito, na san kana sanya wa kaya lamba kusan kullum, kuma ina zargin wannan sabon ne ya cuce ka. A ofis mutum yakan rubuta sunan kaya a akwatin bincike, ko ya duba lambar da aka yi amfani da ita bara, ya wuce. Masu tsara jarrabawar a hukumar kwastam ta Amurka, CBP, sun san da wannan ɗabi'a, kuma a kanta suke ɗana tarko. Lambar da sunan kaya zai kai ka gare ta kai tsaye tana nan cikin zaɓuɓɓukan, tana jiranka, kuma sau da yawa ita ce amsar da ba daidai ba. Amsar gaskiya tana cikin bayanan doka da ke farkon kowane sashe da kowane babi, waɗanda mai gaggawa ke tsallakewa.

Ka fara da lissafin lokaci, domin shi ne zai nuna maka irin shirin da ya kamace ka. Tambaya 80 ce cikin awa huɗu da rabi, ana neman kashi 75 cikin ɗari, wato amsa 60 daidai. Minti 270 a raba wa tambaya 80, kowace ta samu minti uku da 'yan daƙiƙu. Tambayar dokokin dillali daga kundin dokokin kwastam na Amurka, 19 CFR, wanda ya saba zai amsa ta cikin minti ɗaya, amma tambayar riga ko takalmi ko inji tana iya cin minti bakwai ko takwas. An yarda a buɗe littafi, gaskiya ne, sai dai wanda bai san hanyoyin cikin littafin ba, buɗewar ba za ta amfane shi da komai ba. Jarrabawar sau biyu ake yin ta a shekara, Afrilu da Oktoba, saboda haka kana da kusan wata shida, kuma sun isa idan an yi amfani da su yadda ya dace.

Littafin da za ka zauna da shi shi ne jadawalin harajin Amurka, HTSUS, wanda hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka, USITC, ke wallafawa, kuma ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1989. An gina shi a kan tsarin bai-ɗaya na Hukumar Kwastam ta Duniya mai hedikwata a Beljiyam. Sashe 22 ne, babi 99, amma babi na 77 a ajiye yake babu komai a ciki, babi na 98 da 99 kuma na Amurka ne ita kaɗai. Lambobi shida na farko duk ƙasashen da ke bin tsarin sun yi tarayya a kansu, na takwas ne ke ɗauke da kuɗin haraji, na goma kuma na ƙididdiga ne. Ni idan ina koyarwa nakan kira lambobi huɗu na farko gida, rabe-raben da ke ƙarƙashinsu kuma ɗakuna. Zan yi amfani da wannan a nan, domin kuskure mafi yawa shi ne mutum ya leƙa ɗaki ya ga ya yi masa kyau, alhali gidan ma ba nasa ba ne.

Ƙa'idojin fassara shida, GRI, ba su fi shafi ɗaya da rabi ba. Ka haddace su, kuma ka riƙe cewa a jere ake bin su. Ta farko ta ce sunayen sashe da na babi don sauƙin nema kawai aka sa su, ba su da ƙarfin doka. Abin da ke yanke hukunci shi ne lafazin gida da bayanan sashe da na babi. Mafi yawan kayan duniya a wannan ƙa'ida ta farko ake gama da su. Wanda ya faɗi jarrabawa yakan yi tsalle zuwa ta uku, yana auna wace siffa ce ta rinjaya, alhali wani layi ɗaya a farkon babi ya riga ya raba gardama.

Ga misali mai sauƙi. An shigo da dolfin mai rai. A ruwa yake zaune, hankali zai kai ka babi na 3, na kifi. Bayani na farko a babin ya fitar da dabbobi masu shayarwa, ya tura su 0106. Haka dokin da ke cikin tawagar masu wasan nuna dabbobi: babi na 1 ya fitar da shi zuwa 9508. A abinci kuma akwai iyakar kashi 20 a babi na 16. Haɗin abincin da nama ko kifi ya wuce kashi 20 na nauyinsa yana shiga babi na 16, amma an keɓe taliya mai cushe ta 1902, da kayan 2103 da 2104. Idan tambaya ta ce taliya ce da aka cusa wa nama kashi 30, mai saurin hannu zai ga 30 ta fi 20 ya ruga babi na 16, ya rasa makin. Rabin jimlar ya karanta.

Shi ya sa nake cewa duk adadin da ka gani a tambaya, ka tambayi kanka wane bayani ne ya sa aka ambace shi. Idan an faɗi kason kabon da na kuromiyam, ana so ka koma bayani na 1 a babi na 72, inda ƙarfe mara tsatsa shi ne wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 1.2 ba, kuromiyam kuma ya kai kashi 10.5 ko fiye. Idan an faɗi tsayin yaro, ana nufin iyakar santimita 86 ta kayan jarirai. Idan an faɗi shekarar da aka ƙera tebur, ana gwada ka a kan 9706, kayan da suka haura shekara 100. Har kwanan wata yana da aiki: ɗanyen tumatir na 0702 ɗakinsa yana canzawa da ranar shigowa, wanda ya shigo tsakanin 15 ga Yuli da 31 ga Agusta daban, wanda ya shigo daga 15 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu daban. Wani lokaci kuma ana cusa adadin da ba shi da wani amfani don a ɓata maka lokaci. Ba za ka iya bambance su ba sai ka san bayanan.

Inda zan fi daɗewa shi ne tufafi, sashe na 11, domin a nan mutane suka fi zubar da maki da lokaci. Tambayar farko kullum ita ce irin saƙar. Saƙar madauki mai miƙewa, irin ta singileti da suwaita, babi na 61 ce. Saƙar masaƙa, zaren tsaye da na kwance, babi na 62 ce. Akwai togiya guda da ya kamata ka riƙe: rigar mama da makamantanta suna 6212 ko da saƙar madauki ce. Daga nan sai na maza ne ko na mata. Rigar da ɓangaren hagu ke hawa kan dama wajen ɓalla maɓalli ta maza ce, akasin haka ta mata, sai dai idan yankan rigar ya nuna a fili wa aka ɗinka wa. Wadda aka kasa gane ko ta wa ce, doka ta ce a kai ta wajen mata. Sannan bayani na 4 a babi na 61 ya hana wasu riguna shiga 6105 da 6106, gidajen shat ta maza da ta mata: mai aljihu ƙasa da ƙugu, mai roba ko wani abin tsukewa a gindi, da wadda madaukanta ba su kai 10 a santimita ɗaya ba ta kowace fuska. 6105 kuma ba ta karɓar riga mara hannu. Idan tambaya ta tsaya tana ƙirga maka madauki, to wannan bayani take nufi, kuma yawanci rigar a 6110, gidan suwaita da makamantanta, za ta ƙare.

Mu yi guda ɗaya tare, a hankali. Rigar ti-shat ta maza, saƙar madauki, auduga kashi 40, foliyesta kashi 35, rayon kashi 25, kuɗin kayan dala 10,000. Gidan ba gardama, 6109. Ido zai ce auduga ce ta fi yawa, a kai ta 6109.10.00, haraji kashi 16.5, dala 1,650. To amma bayani na 2 a sashe na 11 ya ce babi ake fara zaɓa kafin gida, kuma babi na 54 da 55 ana ɗaukarsu a matsayin babi ɗaya. Foliyesta da rayon dukkansu zaren masana'anta ne, sai a haɗa su su zama kashi 60, su rinjayi auduga. Rigar ta koma 6109.90.10, haraji kashi 32, dala 3,200. Bambancin dala 1,550 a kan jimla ɗaya da ba a karanta ba. Idan kuma rabi da rabi ne, auduga 50 foliyesta 50, bayanin nan dai ya ce a ɗauki wanda ya zo daga baya a jerin lambobi, wato zaren masana'anta, tunda babi na 52 na auduga ya riga shi zuwa. Ka lura cewa bayanin sashe ne ya yanke wannan, ba a kai ga GRI 3(c) ba, kuma akan tambayi mutum wace ƙa'ida ce ta yi aiki.

Takalmi, babi na 64, ɗan'uwan tufafi ne wajen wahala, amma mabuɗinsa ɗaya ne, bayani na 4. Saman takalmi ana duba kayan da ya fi faɗi a waje, ba a lissafa ƙawa da ƙarin ƙarfi irin su tambari da ramukan igiya. Tafin kuma ana duba kayan da ya fi taɓa ƙasa. Nauyi ba ya shiga wannan awon, daraja ma haka, sai a wasu ɗakunan da aka raba da farashin ƙafa biyu.

Wuri na biyu da ke kayar da mutane shi ne kayan gyara. Na taɓa zama da wani ɗalibi a kan tambayar sukuru na ƙarfe da aka ƙera musamman don wata mota. Ya zaɓi 8708, kayan gyaran mota, kuma ya kafe a kai, yana cewa ai tambayar da kanta ta ce ba ya shiga ko'ina sai wannan motar. Na buɗe masa bayani na 2 a sashe na 15, na ce ya karanta da ƙarfi. Bayanin ya lissafa abin da doka ke kira kayan amfanin gama-gari: sukuru da noti na 7318, ƙusa, sarƙa, sifirin, kwaɗo da makulli na 8301, da kayan 8302. Sannan na kai shi bayani na 2 a sashe na 17, wanda ya kori waɗannan duka daga babin motoci. Ya yi shiru yana bin layin da yatsa har sau biyu, sannan ya ɗauki biro ya ja layi a ƙarƙashi. Sukurun 7318 ne ko da motar duniya ɗaya tak yake shiga. Haka injin mota yana 8407 ko 8408, batir 8507, taya 4011, kujera 9401, boris 8482. Ƙarin ƙa'idar Amurka ta 1(c) ta ƙarfafa wannan: gidan kayan gyara ba ya rinjayar gidan da ya ambaci abin da sunansa. A sashe na 16, na injuna da kayan lantarki, bayani na 2 yana da nasa jerin. Idan kayan gyaran shi kansa yana da gida a babi na 84 ko 85, can zai zauna; na'urar lantarki mai juya injin wanki, wato "motor", 8501 ce. Sai idan ba shi da gida ake bin injin da aka yi shi dominsa. Bayani na 3 da na 4 kuma su ne na injin da ke aiki biyu da na injunan da aka haɗa don aiki ɗaya. Waɗannan bayanai, ka karanta su har ka iya faɗin abin da ke ciki ba tare da ka duba ba.

Sauran ƙa'idojin ba su kai haka wuya ba idan ka riƙe misali ɗaya a kan kowace. Keke ba sirdi ba taya har yanzu keke ne, 8712, haka wanda ya zo a wargaje cikin kwali. Wannan ita ce 2(a). A 3(a) lafazin da ya fi ƙayyade abu yana rinjayar na gama-gari. A 3(b) ana neman abin da ya ba haɗin kaya ainihinsa: jakar aski mai kilifa ta lantarki da mataji da almakashi da buroshi da tawul, kilifa ce uwar tafiya, duka sai su bi ta zuwa 8510. Amma kafin ka kira abu saiti, ka tabbata kayan na gidaje daban-daban ne, an haɗa su don biyan buƙata ɗaya, kuma an shirya su yadda za a sayar wa mai amfani ba sai an sake ƙunshewa ba. Idan sharaɗi ɗaya ya faɗi, kowane kaya lambarsa daban. 3(c) mafaka ce ta ƙarshe, kada ka gudu gare ta don ka gaji. A ta biyar, akwatin jita da ya zo tare da jitar yana bin ta, wanda ya zo shi kaɗai 4202 ne. Ta shida ita ce mai cewa ɗakuna masu daraja ɗaya kaɗai ake gwadawa da juna. A aikace wannan yana nufin ka sa ido a kan yadda aka tura layuka ciki. Kalmar "other" tana iya fitowa sau biyar a shafi guda, kowace tana ƙarƙashin wani layi daban. A takarda ka ɗora rula a tsaye, a kwamfuta kuma ka koma sama ka tabbatar da layin da kake ƙarƙashinsa kafin ka danna amsa.

Ka kula da waƙafi mai ruwa a lafazin gida. 4202 kashi biyu ce: kafin alamar akwai akwatunan tafiya da gidan kyamara da makamantansu, na kowane irin abu aka yi su, bayan alamar akwai jakar hannu da walat da sauransu, waɗanda sai an yi su da fata, ko shimfiɗar roba, ko yadi, ko sauran abubuwan da aka lissafa. Alama ɗaya ta raba hukunci biyu.

Bayan ka samu lamba, tambayar ba lallai ta ƙare ba. Sau da yawa haraji ake nema, sai ka duba ƙasar da kayan ya fito. Jadawalin yana da layuka biyu na kuɗin haraji a tsaye: layi na 1 yana da harajin gama-gari da na musamman, inda harafin S ke nufin yarjejeniyar Amurka da Meziko da Kanada, KR kuma Koriya ta Kudu. Layi na 2 na Kuba ne da Koriya ta Arewa, kuma tun 2022 Rasha da Belarus sun shiga. Ka saba da babi na 98, musamman 9801.00.10 na kayan Amurka da suka dawo, 9802.00.80 na kayan da aka harhaɗa a waje da sassan Amurka, da 9813 na shigowar wucin gadi. Babi na 99 kuma can ne ƙarin haraji yake, irin na sashe na 301 na dokar cinikin Amurka a kan kayan Sin da ke ƙarƙashin 9903.88. Ka karanta tambayar da kyau ka ga ko ta ce a lissafa su ko a bar su.

Game da tsarin karatu, abin da na ga yana aiki shi ne wannan. Wata na farko kada ka taɓa tsohuwar jarrabawa. Ka karanta GRI da ƙarin ƙa'idojin Amurka, sannan bayanan sashe na 11, 15, 16 da 17, da na babi na 39, 42, 61, 62, 64, 71, 72, 84, 85, 94 da 95. Ka haddace jerin babi-babi, yadda idan aka ce gilashi za ka ce 70, aka ce agogo ka ce 91, ba tare da tunani ba. Jerin yana da hikima, yana tashi daga ɗanyen abu zuwa sarrafaffe, daga dabba mai rai zuwa nama zuwa abincin gwangwani, wannan zai sauƙaƙa maka hadda. Daga wata na biyu ka ɗauko tsofaffin jarrabawa da amsoshinsu, CBP tana saka su kyauta a shafinta. Ka ware tambayoyin lambar kaya kaɗai, ka yi goma a zama ɗaya ba agogo. Kowace ka kuskure, ka rubuta a littafi dalilin kuskuren: ban karanta bayanin babi ba, na ɓata a layukan "other", na ɗauki layin haraji na wata ƙasa. Bayan mako uku za ka ga dalili biyu ko uku ne ke ta maimaituwa, su za ka yaƙa. Wata biyun ƙarshe ka riƙa zama cikakkiyar jarrabawa da agogo, awa huɗu da rabi ba tashi, domin gajiyar awa ta huɗu ita ma sai an saba da ita.

Hattara da abu ɗaya a tsofaffin takardu. Tsarin duniya ana sabunta shi kusan duk shekara biyar, na 2022 ya canza lambobi da dama, jadawalin Amurka kuma ana yi masa gyara sau da yawa cikin shekara. Idan amsar wata tsohuwar tambaya ba ta cikin littafinka, mai yiwuwa lambar ce ta ƙaura, ka ɗauki darasin ka wuce. CBP tana sanar da bugun da za a yi amfani da shi a kowane zama, da abin da aka yarda a shigo da shi. Wannan bugun za ka yi atisaye da shi, ba wanda ke buɗe a ofishinku ba. Littafin sharhin Hukumar Kwastam ta Duniya da rumbun hukunce-hukuncen CBP mai suna CROSS suna da amfani ƙwarai wajen fahimta a gida, amma ka saba da amsa tambaya ba tare da su ba.

Ranar jarrabawa, ka yi amfani da zaɓuɓɓukan a matsayin taswira. Kada ka fara daga sunan kaya. Dubi lambobi huɗu na farko na kowane zaɓi. Idan gidajen daban-daban ne, faɗan na bayanai ne, je ka farkon kowane babi ka duba jerin abin da aka kora. Sau da yawa zaɓi biyu za su faɗi a minti ɗaya. Idan duk gida ɗaya ne, faɗan na ɗakuna ne, sai ka sauka layi-layi daga sama, kana zaɓar reshe ɗaya a kowane mataki, kana duba ƙarin bayanan Amurka na babin. Ni shawarata ka fara kwashe tambayoyin dokoki masu sauri, ka tara minti, sannan ka dawo kan lambar kaya da natsuwa. Wadda ta wuce minti shida ba ka ga haske ba, zaɓi mafi kusa, yi mata alama, ka ci gaba, kada ka bar ko ɗaya ba amsa.

Idan sakamako ya fito ka ga tambaya ɗaya ko biyu ce ta raba ka da 60, ka sani kana da damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 60 daga ranar da ke jikin wasiƙar sakamakon, kamar yadda 19 CFR 111.13 ya tanada. Tambayoyin lambar kaya suna cikin waɗanda suka fi karɓar hujja, domin wani lokaci bayanin kayan da aka bayar bai isa ya fitar da amsa ɗaya tak ba. Ka rubuta hujjarka a kan kowace tambaya daban, ka ambaci lafazin gidan da lambar bayanin da ka dogara da shi.